Tambayoyi da Amsoshi Kan Koyar da Zane da Aikin Hannu a Makarantar Firamare

Waɗannan tambayoyi na tattaro su ne daga bakin malaman firamare da iyayen yara a cikin garin Kaduna, wasu a taron ƙara wa juna sani, wasu a taron iyaye da malamai, wasu kuwa a bakin ƙofar makaranta lokacin tashi. Na amsa su gwargwadon abin da na gani da idona a cikin aji, kuma na fi tsayawa a kan waɗanda aka fi maimaita mini.

Wane darasi ne wannan, kuma dole ne a koyar da shi?

A manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda hukumar bincike da tsara manhajar ilimi ta ƙasa, wato NERDC, ta tsara aka fara aiki da ita a 2008, aka kuma yi mata gyaran da ya soma aiki a 2014, an haɗa zane da aikin hannu da kiɗa da waƙa da wasan kwaikwayo a darasi guda mai suna Al'adu da Fasahar Ƙirƙira, wanda malamai suka fi sani da CCA. Ana koyar da shi tun daga aji ɗaya, saboda haka hedimasta ba alfarma yake yi wa yara ba idan ya ba shi gurbi a jadawalin darussa. Wannan shafi ya tsaya a kan ɓangaren da ake yi da ido da hannu, wato zane, shafa launi, gini da yumɓu, saƙa, buga ado da tsara fasali.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda darasin yake komawa rubutu zalla a makarantu da yawa. Malami zai cika allo da ma'anar zane da ire-iren launi, yara su kwafe a littafi, su haddace, su ci jarrabawa, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa haɗa shuɗi da rawaya ya ga kore ya fito a gabansa. Yaron da aka koyar ta wannan hanya ya san sunan abu amma bai san abin ba.

Malam, ɗana bai iya karatu da lissafi sosai ba tukuna. Me zai yi da zane?

Wannan ita ce tambayar da iyaye suka fi yi, kuma tambaya ce mai kyau, domin kowane uba yana son ya ga ɗansa ya iya karatu kafin komai. Amsata ita ce zane yana cikin hanyoyin da suke kai yaro ga karatun. Hannun da zai riƙe fensir ya rubuta baƙaƙe yana bukatar ƙarfi da sabo, kuma yana samun su ne ta hanyar jan layi, murza yumɓu, yanka takarda da saƙa kaba. Idon da zai bambance harafin b da d, ko ɗ da d, shi ne idon da aka koya masa lura da inda layi ya lanƙwasa da inda ya miƙe. Haka nan lissafi: yaron da ya naɗe takarda biyu ya yanke ta ya buɗe ya ga ɓangarorin sun yi daidai, ya fahimci rabi da daidaito tun kafin a faɗa masa sunansu.

Akwai wani yaro da na koyar a aji huɗu wanda kullum yake zama a bencin baya, ba ya ɗaga hannu, kuma makinsa bai taka kara ya karya ba. Wata rana na ce kowa ya zo da abin da ya ƙera a gida, sai ya zo da motar kara. Ya fere ɓawon karan dawa ya yi ginshiƙai da shi, ya yi amfani da totuwar cikin wajen haɗa su, ya yanka tsohon silifa ya yi tayoyi huɗu masu girma ɗaya, kuma ƙofar direba tana buɗewa tana rufewa. Da na tambaye shi yadda ya sa tayoyin suka zo daidai, sai ya ce ya ɗora murfin kwalba a kan silifan ya zagaye shi da ƙusa sau huɗu. Ya yi bayani na kusan minti biyar a gaban aji ba tare da in'ina ba, yaron da ban taɓa jin jimla biyu a jere daga bakinsa ba. A makon da ya biyo baya da motarsa muka koyi awo da rula. Ba zan ce ya zama na ɗaya a aji ba, amma daga ranar ya bar bencin baya.

Ni malama ce amma ban iya zane ba. Ta yaya zan koyar da abin da ban iya ba?

Malama, aikinki a wannan darasi shi ne ki koya wa yara kallo, kuma wannan kin iya shi. Ki ɗauki buta ki ajiye ta a kan tebur a tsakiyar aji, ki hana kowa taɓa fensir na tsawon minti biyar, ki yi ta tambaya. Ina ne buta ta fi faɗi, sama ko ƙasa? Bakin da ruwa yake fita ya kai tsayin murfin ko bai kai ba? Daga inda kake zaune, kana ganin mariƙin gaba ɗaya ko wani ɓangare ya ɓuya? Ta wane gefe haske yake dukanta, kuma ina inuwarta ta faɗi? Bayan haka sai ki ce su zana abin da suke gani daga inda suke.

Lokacin da na fara yin wannan, abin da ya fi ba yaran mamaki shi ne da muka jera takardun a ƙasa, sai suka ga butoci sun bambanta. Na kusa da taga sun zana baki a dama, na kusa da ƙofa sun zana shi a hagu, wata yarinya da take zaune daidai bayan butar ba ta zana bakin ba ko kaɗan. Sauran suka fara yi mata dariya, sai na sa biyu daga cikinsu suka je suka zauna a wurinta, suka tabbatar da cewa daga can ba a ganin bakin. Ita ce ta fi kowa gaskiya a ranar, domin ta zana abin da idonta ya nuna mata, ba abin da ta sani game da buta ba.

Duk da haka, ina ba kowane malami shawara ya riƙa zama yana yin aikin tare da yara, ko da hannunsa bai faɗa ba. Wanda yake son ƙarin horo kuwa, Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, hedikwatarta tana nan Kaduna a kan hanyar Zariya, kuma akwai kwalejin ilimi ta jiha a Gidan Waya.

Laifi ne malami ya zana abu a allo yara su kwafa?

Idan ana so a nuna dabara, kamar yadda ake riƙe alli a kwance don yin inuwa, ko yadda ake fara dagi daga ɗigo-ɗigo kafin a haɗa layukan, nunawa a allo daidai ne, kuma haka masu sana'a suke koyar da yaransu. Matsalar tana zuwa ne idan kwafa ta zama dukkan darasin, mako bayan mako. A nan ne za ka ga yara sittin sun zana kofi iri ɗaya da mangwaro iri ɗaya, kuma wanda ya fi kusa da na malam shi ne gwani. Yaron da aka saba masa da haka, ranar da aka ba shi farar takarda aka ce ya zana kasuwar unguwarsu, sai ya zauna yana jiran a nuna masa.

Makarantarmu ba ta da kuɗin sayen kala da burushi da takardar zane. Yaya za mu yi?

Rashin kuɗi gaskiya ne, kuma ya kamata kwamitin kula da makaranta ya riƙa tuna wa hukuma cewa wannan darasi ma yana da bukata. Amma kakanninmu sun ƙawata allo da bango da fata da ƙwarya ba tare da sun sayi komai daga kanti ba, kuma mafi yawan abin da suka yi amfani da shi yana nan a gidajenmu.

Baƙin launi ana samunsa daga gawayi: a daka shi ya yi laushi, a tankaɗe, a dama da ruwan ƙaro, kamar dai yadda almajirai suke haɗa tawada. Ƙaron shi ne yake riƙe launin a jikin takarda, don haka duk launin gari da za a haɗa yana bukatarsa. Jar ƙasa da farar ƙasa ma haka ake yi musu. Zoɓo idan aka dafa shi da ruwa kaɗan yana ba da ja mai kyau, gangamau, wanda wasu suke kira kurkur, yana ba da rawaya, shuɗin wanki kuma yana ba da shuɗi. Akwai wani abu da yara ba sa mantawa da shi: idan aka ɗiga ruwan kanwa a cikin zoɓo, launinsa yana juyawa ya yi duhu ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi ko kore-kore, idan kuma aka ɗiga shi a cikin gangamau sai ya koma ja. Wannan darasin launi ne kuma darasin kimiyya ne a lokaci guda. Sai dai a sani cewa launin zoɓo yana koɗewa idan rana ta daɗe tana dukansa, don haka kada a rataye aikin a jikin taga.

Burushi kuwa, a tauna ko a daddaka bakin ɗanyen icen asuwaki har ya yi gashi, ko a ɗaure gashin kaza a jikin tsinke. Alƙalamin kara da ake rubutun allo da shi yana jan layi mai kauri da siriri fiye da biro. Abin liƙi, a dama garin rogo ko sitaci a ruwan zafi har ya yi kauri, a bari ya huce. Takarda kuma akwai kwalin indomi da na sabulu da masu shago suke zubarwa, da bayan tsohuwar kalanda, da takardun da masu buga littattafai suke yankewa su yar. Don buga ado, a yanka kuɓewa a tsakiya a tsoma a launi a danna a kan takarda, za ta fito kamar fure. Dankali da rogo kuma ana sassaƙa musu siffa a yi hatimi da su. Teloli suna da ƙyallaye, masu saƙa suna da guntayen kaba, kuma ban taɓa roƙon ɗayansu ya hana ni ba da ya ji cewa na 'yan makaranta ne.

Abu uku ne nake hanawa sam: fentin mai na gini, fasa batir don ciro baƙin cikinsa, da ba ƙananan yara reza. Yankan gwangwani ma sai manya, kuma a gaban malami.

Mun gwada gini da yumɓu amma komai ya tsage. Ina kuskuren yake?

Ni ma hakan ta same ni. A wata makaranta da na koyar, mun gina ƙananan kasake da asusu a cikin watan Janairu, na sa aka shanya su a rana a tsakar makaranta, washegari muka tarar kusan duka sun dare, yara suna ta kuka. Wata tsohuwa mai ginin tukwane ce ta nuna mini cewa iskar hunturu tana busar da bayan yumɓu tun cikinsa yana ɗanye, kuma wannan saɓanin ne yake tsaga shi.

Ga yadda ta koya mini. A jiƙa yumɓun ya kwana, a tsince tsakuwa da saiwa, a zuba ɗan yashi mai laushi ko dakakken tsingaro, sannan a cuɗa shi sosai har iskar da ke ciki ta fita. A gina abin da kauri ɗaya ko'ina, kada gindi ya yi kauri baki ya yi siriri. Inda za a haɗa mariƙi da jiki, a karce wuraren biyu a shafa ruwan yumɓu kafin a manna. Bayan an gama a ajiye a inuwa, a lulluɓe da leda sako-sako na kwana biyu ko uku, sannan a buɗe a hankali. Da damina kuma matsalar juyawa take yi, domin abin yana iya yin mako bai bushe ba, kuma duk abin da aka gasa da sauran danshi a cikinsa fashewa yake yi a wuta. Gashi ba aikin yara ba ne. A kai wa mai sana'ar ta sa a cikin nata idan za ta gasa.

Iyaye da yawa suna cewa zanen abu mai rai haramun ne. Yaya malami zai yi?

Wannan magana ce da ya wajaba a ɗauke ta da girmamawa, domin iyayen ba daga son rai suka faɗe ta ba. Akwai hadisai ingantattu da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin siffar abu mai rai, kuma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, ya shawarci wani mai wannan sana'a da ya koma zanen itatuwa da abin da ba shi da rai. An kuma ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, tana da 'yan tsana da take wasa da su, kuma a kan wannan ne malamai da dama suka sassauta game da kayan wasan yara. Game da zane a takarda don koyo da koyarwa, malaman addini sun yi saɓani, kuma malamin firamare ba shi ne mai yanke hukunci a tsakaninsu ba.

Abin da yake hannunsa shi ne ya ba da zaɓi. Idan aikin ranar zanen kaza ne, yaron da gidansu ba su yarda ba sai ya zana akurki ko bishiyar da ke kusa da shi, kuma kada a rage masa maki ko ɗaya. Ajujuwan Kaduna sun haɗa 'ya'yan Musulmi da na Kirista, kuma zaɓi irin wannan yana sa kowa ya yi aikinsa ba tare da an nuna wani da yatsa ba. Ya kamata kuma a tuna cewa layi, siffa, launi, daidaito da maimaita ado duk ana iya koyar da su daga farko har ƙarshe ba tare da an zana mutum ko dabba ba. Zayyanar allon da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, da aska takwas a gaban babbar riga, da adon bangon gidajen birnin Zariya, fasaha ce ta ƙoli, kuma kusan dukkanta layi ne da siffa.

Ɗiyata tana aji ɗaya, idan ta zana mutum sai kai da ƙafafu kawai. Akwai matsala ne?

Babu matsala, Hajiya. Wani masanin koyar da zane mai suna Viktor Lowenfeld, wanda ya yi aiki a Amurka, ya bayyana matakan da zanen yara yake bi tun a 1947, kuma duk wanda ya daɗe a aji zai shaida su. Daga shekara 2 zuwa 4 yaro yana jan layuka ne barkatai don jin daɗin motsin hannu. Daga 4 zuwa 7 siffofi suna fara fitowa, kuma mutum yakan zama da'ira mai ƙafafu biyu, kamar na ɗiyarki. Daga 7 zuwa 9 yakan ja layi a ƙasan takarda ya jera komai a kansa, kuma abin da ya fi muhimmanci a wurinsa shi yake zanawa babba, shi ya sa uwa takan fi ɗaki tsayi. Waɗannan shekaru kimantawa ce kawai, wani yaro yana riga wani.

Matakin da ya fi bukatar kulawa shi ne daga wajen shekara 9 zuwa 12, wato aji huɗu zuwa shida. A nan yaro yake fara kwatanta zanensa da abin da yake gani, ya ga bai yi kama ba, ya ce shi bai iya ba, kuma da yawa daga nan suke ajiye fensir har abada. A wannan lokaci ne ya dace malami ya koyar da dabaru na zahiri, kamar auna tsayin abu da fensir a miƙe da hannu, da sanin cewa abin da ke nesa yana ƙanƙancewa, da yadda inuwa take sa abu ya yi kamar za a ɗauke shi.

Mene ne bambancin zane da tsara fasali?

Tsara fasali, wato abin da teloli da masu buga takardu suke kira dizayin, shi ne shirya abu domin ya biya wata bukata. Mai zane yana iya zana abin da ransa yake so, amma mai tsara fasali yana farawa ne da tambaya: wa zai yi amfani da wannan, a ina, kuma da me za a yi shi? Aikin da na fi so ga 'yan aji biyar shi ne su tsara allon sanarwa na wanke hannu da za a liƙa kusa da randar makaranta. Kowane rukuni ya yi zane uku ƙanana, su zaɓi ɗaya, su yi shi babba, sannan mu fita waje mu tsaya taku ashirin daga gare shi. Wanda aka rubuta da rawaya a kan farar takarda ba ya karantuwa, wanda aka cusa masa kalmomi da yawa ma haka, kuma yara da kansu suke gano dalili su koma su gyara. Komawa a gyara ɗin nan shi ne zuciyar darasin, don haka kada malami ya tsallake shi saboda sauri.

Ajina ya haura yara tamanin, darasin kuma minti 35 ne. Zai yiwu kuwa?

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma malaman makarantun gwamnati a unguwanni masu cunkoso sun san inda aka kwana. Duk da haka yana yiwuwa idan an tsara. A roƙi hedimasta ya haɗa darussa biyu a jere sau ɗaya a mako, domin rabon kaya da kwashe su kaɗai yana cin minti goma. A raba aji rukuni-rukuni na mutum takwas, kowane rukuni da shugabansa mai karɓo kaya da mayarwa, a riƙa sauya shugaban don kowa ya ɗanɗana. Idan aji ya yi matsi a fita gindin bishiya. Ƙasa mai laushi da tsinke sun isa a koyi dagi, kuma wanda ya yi kuskure sai ya share da tafin hannu ya sake. Babban aiki kamar taswirar unguwa a kan kwalaye da aka liƙa a jere ya fi dacewa da taron yara, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta yaya ake ba da maki a kan zane ba tare da an zalunci yaro ba?

A faɗa wa yara abin da za a duba tun kafin su fara, kuma a tsaya a kansa. Idan darasin na maimaita ado ne, abin dubawa shi ne ko adon ya maimaitu bisa tsari, ba kyan hannu ba. Ni nakan duba lura, da ƙoƙari, da yadda yaro ya sarrafa kayan aiki, da kuma ko zai iya bayyana abin da ya yi da bakinsa. Kowane yaro ya sami jakar kwali da za a tara ayyukansa na zango, domin a kwatanta shi da kansa na watan jiya maimakon da maƙwabcinsa. Kada malami ya sa jan biro a kan zanen yaro, ya rubuta a baya. Idan kuma za a liƙa ayyuka a bango, a riƙa juyawa har na kowa ya hau.

Yarona bahago ne, wani kuma yana rikita ja da kore. Me za a yi?

Bahago a bar shi ya yi zane da hannun da ya fi masa, a zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa. Ladabin ci da karɓa da dama abu ne dabam da ake koyarwa a gida. Mai rikita ja da kore kuwa, idan abin ya ci gaba bayan an koya masa sunayen launuka sosai, yana iya zama halitta ce ta ido, wadda ta fi yawa a tsakanin maza. A kai shi a duba idonsa, a rubuta sunan kowane launi a jikin fensirinsa, kuma kada a tsawata masa a kan abin da ba ganganci ba ne.

Wane tarihi na nan gida za a iya koya wa yara, kuma ina za a kai su?

Jihar Kaduna ta fi yawancin wurare arziki a wannan fanni. A 1928 ne masu haƙar kuza suka fara tono siffofin gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a ƙaramar hukumar Jaba ta yanzu, kuma bincike ya nuna sun haura shekara 2000. A birnin Zariya akwai tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara a ƙarni na 19, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda masana gine-gine suke zuwa daga nesa don ganin lanƙwasassun ginshiƙan rufinsa da ake kira bakan-gizo. A Zariya ne kuma, a 1958, wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suna cewa bai kamata mai zane ɗan Najeriya ya tsaya ga kwaikwayon Turawa ba, ya haɗa abin da ya koyo da abin da ya gada.

Darasin da ya fi sauƙi shi ne malami ya fito da takardar naira 20 ya juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, wadda ta koyi sana'ar a gida irin ta Gbagyi, ta shiga cibiyar koyon tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, har aikinta ya kai Ingila da Amurka. 'Yan mata sukan yi shiru idan suka ji cewa ginin tukunya ne ya sa hotonta a kan kuɗin ƙasa.

Wajen ziyara kuwa akwai gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke kan titin Ali Akilu. Idan kuɗin mota ya gagara, a gayyato mai ɗinkin hula ko baduku ko mai zanen lalle daga cikin iyayen yara, ya zauna a aji ya yi aikinsa suna kallo suna tambaya. Gani ya kori ji.

Akwai abinci a wannan fanni, ko dai wasa ne kawai?

Akwai. Mai tsara zanen atamfa, mai zanen gini, tela, mai buga katin biki da allon shago, kafinta, da maƙeran kasuwar Fanteka duk da ido da hannu suke ci. Lokacin da masaƙun Kakuri suke aiki, akwai mutanen da aikinsu shi ne tsara adon da za a buga a jikin yadi. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen zane da sashen tsara kayan masana'antu, inda ake karantar tukwane da yadi da gilashi da zanen bugawa. Yau yawancin wannan aiki da kwamfuta ake yinsa, amma kwamfuta ba ta zaɓa wa mutum launi ko ta gaya masa rubutunsa ya cushe. Wanda ya saba da fensir da almakashi ya fi saurin kama ta. Ban ga dalilin da zai sa a ba ɗan aji biyu waya don ya koyi zane ba.

Yarona ya ishe mu da zane a bangon gida. Mu hana shi?

A hana shi bangon, a ba shi wani wurin. A samo faffaɗan katako ko a ware wani lungu na katanga a shafa masa baƙin fentin allo, a ba shi alli, a gaya masa cewa nan ne nasa, sauran bango kuma na gida ne. Idan ya kawo muku zane, kada ku ce "mene ne wannan?", domin yana jin kamar ya kasa, ku ce ya ba ku labarin abin da ke ciki, za ku ji abin da ba ku zata ba. Ku rubuta kwanan wata a bayan takardar, ku sa a cikin leda ku ajiye a ƙasan akwati inda sanyin damina da gara ba za su kai ba, sannan bayan wata shida ku fito da ita ku ajiye kusa da sabon zanensa ku bar shi ya kalli biyun.